Rumbun da Ke Ƙarƙashin Fata

Ranar da aka sako ɗan kawuna daga dajin Birnin Gwari, bayan mako bakwai a hannun 'yan bindiga, da muryarsa na gane shi. Direba ne mai tumbi, wanda muka saba tsokana. Ya dawo wandonsa ɗaure da igiya. Tun daga ranar nake son sanin inda tumbin nan ya tafi.

Kitse rumbu ne. Idan mutum ya ci tuwo ya wuce buƙatarsa, sinadarin insulin yakan sa hanta ta mayar da rarar sukari maiƙo, a kai shi ajiya ƙarƙashin fata da cikin ciki. Jiki ya zaɓi kitse saboda giram ɗayansa na ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kacal.

A daji, inda abincin yini bai wuce tafin hannu ba, sai a buɗe rumbun. Sukarin da hanta ta tanada yakan ƙare cikin kamar yini guda. Insulin ya ragu, ƙwayoyin kitse su fara sakin maiƙonsu cikin jini, tsoka ta ƙona shi. Ƙwaƙwalwa ce mai wuyar sha'ani, don ba ta iya amfani da maiƙon kai tsaye, sai hanta ta sarrafa mata shi zuwa wani makamashi da ake kira kiton. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen kitsen: a cikin kilo 10, fiye da 8 ta huhu suke fita a matsayin iskar kabon, sauran ruwa ne. Ashe numfashi ya fitar da tumbin, yana ɗaure a gindin bishiya.

Haɗarin bai ƙare a daji ba. A daren nan Inna ta girka shinkafa da farfesun kaza, tukunya guda. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta hana. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka cika shi da sitaci lokaci guda, insulin yakan taso ya janye fosfet da fotashiyam daga jini, har zuciya ta iya tsayawa.

Inna ta yi fushi ƙwarai. "Ɗana ya kuɓuta daga daji, ku kuma ku hana shi abinci?"

Rabin kofin kunu aka ba shi, washegari muka kai shi asibiti. Sai bayan wata huɗu wandon ya zauna ba igiya.