504, Da Abin Da Mai Masa Ta Fi Fotal Sani

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Duk wanda ya taɓa rajistar kwasa-kwasai ko duba sakamako a fotal ya san farin shafin nan. Ba hoto, ba tambarin makaranta, sai lamba 502 ko 504 a sama, a ƙasa kuma wata 'yar kalma, nginx. Ka sake lodawa, ka sake, ka canza layi, ka fita tsakar hostel kana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka netwok ne.

To ba netwok ba ne fa. In har ka ga lambar nan, saƙonka ya bar Bauchi lafiya, ya isa inda ka aika shi, har an ba ka amsa. Amsar ce dai ba ta da daɗi. Ma'anar 504 ita ce na bakin ƙofa ya miƙa buƙatarka ciki, ya jira, ya gaji, ba a ce masa komai ba. 502 kuma na ciki ne ya ƙi karɓa, ko ya ba da amsar da ba ta da kan gado.

Ina shekara ta biyu a digiri na biyu a fannin kwamfuta, kuma ni ke kula da ɗan shafin ƙungiyar ɗaliban sashenmu, inda muke sa jadawali da sanarwa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A nan na koyi yawancin abin da zan faɗa. Amma bari in fara da masa, tunda mu 'yan Bauchi ba a koya mana ita.

Mai masa tana da tanda, tana da robar ƙullu. Tanda ba ta canzawa, gurabenta suna nan yadda suke, ƙullu ake zubawa. Haka shafin fotal yake. Babu wanda ya zauna ya rubuta wa kowane ɗalibi shafinsa da hannu. An tsara shafi ɗaya ne mai gurabe, wanda ake kira tamfilet: nan gurbin suna, nan na lambar ɗalibi, nan na kwasa-kwasai. Duk lokacin da ka danna, manhajar da ke kan saba za ta je rumbun bayanai ta ɗebo ƙullu, ta zuba a gurabe, ta soya, ta miƙo maka. Ko da PHP aka rubuta ta, ko Laravel, ko Django, aikin ke nan.

Yanzu ka ɗauka wata mai masa a Wunti ta ce ba za ta zuba ƙullu ba sai mai saye ya tsaya a kanta, kuma kowa sai an soya masa tasa daga farko. Da ƙarfe goma na safe ba matsala. Amma da sassafe, lokacin da 'yan makaranta da 'yan acaɓa da ma'aikata suka taru? Layi zai kai titi, wasu su yi fushi su tafi. Shi ya sa ba mai masar da ke yin haka. Tana soyawa tana tarawa a kula, 'yarta na zaune a gaba tana sallamar mutane. Mai saye ba ya ma magana da mai suya.

Wannan yarinyar ita ce abin da masana ke kira rebas furoksi, ni kuma ina ce masa wakilin ƙofa. Kular da ke gabanta ita ce kash, wato ma'ajiyar wucin gadi. Bambancinsa da furoksin da muka saba ji shi ne, wancan yaron da mai saye ya aika ne, wannan kuwa mai kaya yake wakilta. Buƙata ta zo, ya duba kula. In akwai shafin a soye kuma bai huce ba, ya miƙa nan take. In babu, ya leƙa ciki a soya, ya ba ka, ya ajiye kwafi saboda na bayanka.

Mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce ɗalibai 3,000 sun buɗe shafin jadawalin jarrabawa cikin minti ɗaya, kuma haɗa shafin na cin rabin daƙiƙa. Aikin daƙiƙa 1,500 ke nan, wato minti 25, aka jibga wa saba cikin minti ɗaya, alhali duk abu ɗaya suke nema. In aka ce wakilin ƙofa ya riƙe shafin na daƙiƙa 10 kacal, sau 6 za a soya shi a mintin nan. Aikin daƙiƙa 3. Daga 1,500 zuwa 3, ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba. Har ma akwai saitin da ke cewa in mutum ɗari suka nemi shafin da babu a kula a lokaci guda, mutum ɗaya za a shigar ciki, sauran su ɗan jira a raba musu abin da ya fito da shi.

Kuma abin ba sabo ba ne, ba na kuɗi ba ne. Nginx ɗin nan da muke gani a ƙasan farin shafi, wani ɗan Rasha ne, Igor Sysoev, ya fitar da shi a 2004. Varnish kuma Poul-Henning Kamp na ƙasar Denmak ne ya rubuta shi, ya fito a 2006, saboda jaridar VG ta ƙasar Norwe da masu karatu suka yi wa shafinta yawa. Dukansu kyauta ake sauke su. Wikipedia ma, har da ta Hausa, da irin wannan tsari take tafiya: in ba ka shiga da sunanka ba, galibi kwafin da aka ajiye ake ba ka. Abin da ke ba ni takaici shi ne, ganin kalmar nginx a shafin kuskure na nufin yarinyar tana zaune a bakin ƙofa tun tuni. Sau da yawa kular ce ba a ba ta ba.

Wani zai ce to a ajiye komai mana a huta. A nan ne gizo ke saƙa.

Masa ta kowa ce, wadda aka ba ni ita za a ba ka. Sakamakon jarrabawa ba haka yake ba. Ranar 25 ga Disamba 2015, kamfanin Valve mai dandalin wasanni na Steam ya fuskanci harin cunkoso, sai aka canza saitin ma'ajiya don a rage nauyi. Saitin ya zo da kuskure, aka shiga ajiye shafukan mutanen da suka shiga da sunansu ana miƙa wa wasu. Kimanin awa ɗaya da rabi abin ya ɗauka, kuma kamfanin da kansa ya ce ya shafi mutum wajen 34,000. Mutane suka riƙa ganin adireshin imel da tarihin sayayyar waɗanda ba su sani ba. Babu wanda ya fasa rumbun bayanai. Yarinyar ƙofa ce ta ba wani ƙunshin wani.

Ku kawo abin nan gida. Ka shiga fotal, maimakon shafinka sai ga na wata 'yar ajinku: kwas biyun da ta faɗi, lambar wayarta, unguwarsu, sunan mahaifinta. Kun san yadda magana ke gudu a makaranta, kafin la'asar ta gama zaga guruf-guruf na WhatsApp. Jinkirin fotal ana mantawa da shi bayan sati. Wannan kuwa mutunci ne, ba ya dawowa da sauƙi. Kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar NDPC mai kula da ita, saboda haka maganar ta wuce ta kunya kawai.

Shi ya sa ni a wurina ainihin aikin ba girka manhaja ba ne, wannan minti nawa ne. Aikin shi ne ka zauna da takarda da biro ka raba shafukanka kashi uku. Akwai na kowa: sanarwa, kalandar karatu, hotuna, tambari. Akwai na rukuni: jadawalin 'yan aji uku na wani sashe, jerin kwasa-kwasan zango. Sai na mutum ɗaya: sakamako, takardar biyan kuɗi mai lambar Remita, bayanan gida. Na farko da na biyu su shiga kula. Na uku kada ya kusance ta. Manhaja na iya liƙa wa kowane shafi umarnin da ake kira Cache-Control, ta rubuta private ko no-store a kan na mutum ɗaya, wakilin ƙofa ya gani ya miƙa ba tare da ya ajiye ba.

Inda abin ke da daɗi shi ne shafin da ya haɗa biyu. Jadawali na kowa ne, amma a samansa an rubuta "Barka da zuwa, Wane". Saboda wannan layi ɗaya tal, shafin gaba ɗaya ya zama na mutum ɗaya, dole a soya wa kowa nasa. Maganin shi ne a bar gurbin sunan a buɗe. A ajiye babban shafin, sunan kuma a ɗebo shi daban, ko dai wakilin ƙofa ya cike gurbin da kansa ta hanyar da ake kira ESI, wadda ke nan tun 2001, ko kuma wayarka ta nemo shi da JavaScript bayan shafin ya buɗe. Kamar dai masa a kula take, amma mai son ƙuli da mai son miya kowa a gabansa ake zuba masa.

Sai wani tarko da 'yan PHP ya kamata su sani. Da yawanmu mun saba buɗe zaman mai amfani a saman kowane shafi, har da shafin sanarwa da ba ya buƙatar sanin ko kai waye. Da ka yi haka, PHP zai liƙa wa shafin umarnin kada a ajiye, ya kuma ba baƙon kuki, wato 'yar shaidar da ake gane shi da ita. Nginx da Varnish in suka ga haka sai su janye hannu, kuma daidai suka yi. Sai ka ga an girka komai, amma kula wayam.

Matsala ta ƙarshe, masa na hucewa. A ce an ajiye jadawali na kwana ɗaya, da rana aka canza ɗakin jarrabawar gobe, ɗalibi ya duba da dare ya ga tsohon. Ya tafi wani ɗaki, ya rasa jarrabawa, kwas ya dawo masa baɗi. Babu wanda zai ce masa ma'ajiya ce ta jawo, za a ce sakacinsa ne. A shafin ƙungiyarmu tsofaffin tambayoyi na ba su sati ɗaya, tunda ba sa canzawa. Jadawali kuwa minti ɗaya, kuma duk lokacin da sakatare ya gyara wani abu, ana zubar da tsohon kwafin nan take. Na kuma sa saitin da ke cewa in manhajar ciki ta tsaya, a ci gaba da ba da kwafin ƙarshe maimakon farin shafi. A satin jarrabawar da ya wuce manhajar ta tsaya da daddare, na tayar da ita bayan asuba, ba wanda ya kira ni don ba wanda ya lura.

Kada in yi muku ƙarin gishiri. Wannan ba zai warkar da rajista gaba ɗaya ba. Lokacin da ka danna tura fom, dole a rubuta a rumbun bayanai, ba kular da za ta yi maka wannan. Amma in aka ɗauke wa tanda nauyin masu neman sanarwa da jadawali da hotuna, sai gurabenta su koma ga masu aikin da ba makawa sai an soya. Kuma mu tuna wa ke biyan kuɗin jinkirin nan. Ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga Ningi ko Azare ko Misau don ya yi rajista, ya kwana biyu a ɗakin aboki a Yelwa, ya ƙona data, ya biya mai kafe, wataƙila ma tarar makara ta hau kansa. Ba shi ya tsara sabar ba.

Don haka ga roƙona.

'Yan uwana na kwamfuta, musamman masu furojet na shekarar ƙarshe: kowace shekara sai an samu masu gina tsarin rajista ta intanet, ya yi aiki tsaf a laftof da mutum ɗaya, a tafa, a ba da maki. Ku gwada shi da mutum dubu. Akwai ƙaramar manhaja kyauta, ApacheBench, da za ta yi ta aika masa buƙatu kamar ranar rajista. Ku auna, ku sa Nginx a gaba, ku sake aunawa. Sannan ku shiga da asusu biyu a waya biyu, ku tabbatar ɗaya ba ya ganin na ɗaya. Wannan gwajin na biyu ya fi na farko muhimmanci.

Shugabannin ɗalibai, in kun je gaban hukuma kada ku tsaya a "a gyara fotal". Ku tambaya: waɗanne shafuka ake ajiyewa, na tsawon wane lokaci, kuma an gwada nauyin ranar rajista kafin a buɗe?

Sauran jama'a kuma, in kun ga 504 ku daina dannawa babu ƙaƙƙautawa, kowace dannawa ƙarin mutum ɗaya ne a layin. Ku ba shi 'yan mintuna. In kuwa wata rana kuka buɗe shafinku kuka ga sunan wani, don Allah kada ku ɗauki hoto ku watsa a guruf. Ku rufe, ku kai rahoto ofishin da ke kula da fotal. Mai sunan nan bai san an miƙa muku ƙunshinsa ba, kuma a daidai wannan lokacin naku ma yana iya kasancewa a hannun wani.

Allah Ya ba mu sa'ar zangon nan.