Kasuwar Baleyara da littafin Hajiya

Ranar lahadi ita ce ranar Baleyara. Wanda ya bar Yamai da asuba ta hanyar Filinge, ya wuce Hamdallaye, to kafin rana ta yi zafi zai gangara cikin Dallol Boso, inda sabarar tudu ke ƙarewa, goriba da gawo su karɓi ido. Tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba. Ana cewa sunan garin Zabarmanci ne, ma'anarsa wurin da Bella ke taruwa, kuma har gobe haka abin yake: Buzaye da raƙumansu, Fulani da shanu, Zabarmawa da hatsi, Kurfayawa sun gangaro daga arewa, ga dillalan Yamai da kuɗi cikin aljihun ciki. A shekara ta 2011 aka yanke Baleyara daga Filinge ta zama gunduma mai cin gashin kanta, amma kasuwar ta girmi wannan takarda nesa ba kusa ba.

Ban je don shanu ba. Na raka wata Hajiya ce, mutuniyar Kurfai, ma'aikaciyar gwamnati da ta yi ritaya, wadda ta yi karatunta a Mariama. Masu karatu na Yamai sun san makarantar: matan zuhudu na ɗariƙar Katolika ne, waɗanda muke ce ma "maser", suka kafa ta domin ƴan mata a farkon shekarun mulkin kai, ƙasar Kanada kuma ta sa hannu a ciki. A ƙasar da fiye da kashi 98 bisa 100 Musulmi ne, mafi yawan ƴan matan da suka zauna bisa bencinta Musulmi ne, ubanninsu kuwa ba su ga aibin sunan ba, tun da na uwar Annabi Isa ne.

Hajiya tana riƙe da littafi irin na ƴan lakwal. Ita da ƙawayenta na aji sun daɗe suna adashe kowane ƙarshen wata. Da fari kuɗin na biki ne da ta'aziyya, wani lokaci su sayi littattafai su kai ma tsohuwar makarantarsu. Daga baya suka ce ai mafi alheri su ɗauki nauyin yarinya ɗaya ko biyu daga karkara. Sai dai makarantar kuɗi da kuɗi take tafiya: ga na karatu, ga tufafin makaranta, ga littattafai, ga ci da kwana a birnin da buhun shinkafa ba ya jin roƙo. Fanshon tsofaffin ma'aikata bai isa ba. Shi ya sa ta ce mini cikin mota: "Ƙanena, kuɗin ƙasar nan ba su cikin ofis, suna kara." Kara kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce kasuwar dabbobi.

Mun fara da wani Alhaji mai sayen shanu, yana zaune ƙarƙashin rumfar zana, idonsa na kan wani bijimin Azawak ja. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce: "Hajiya, makarantar Nasara za ki kai ƴaƴanmu?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce da sallarta ta shiga, da ita ta fito, ta kuma tambaye shi, ranar da iyalinsa ke naƙuda, namiji yake so ya tarar a ɗakin haihuwa ko mace? Ya yi dariya, ya zaro jikka biyar. Wannan tambaya ta addini ba sabuwa ba ce, kuma ba ta wasa ba ce ga wanda ya tuna watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai. Amma a kara ba ita ce ta tsayar da mu ba.

Wanda ya tsayar da mu wani dillali ne mai furfura, mutumin wajen Filinge. Ya ce shi bai ƙi karatun mata ba, ƴarsa ma ta gama firamare. Abin da ya hana ta ci gaba shi ne ƙauyensu ba shi da kwaleji, sai an kawo ta gari an ajiye ta gidan wani. Mai masauki kuwa, in an yi sa'a, zai mai da ita mai daka da ɗebo ruwa. In ba a yi ba, uba ya ji labarin da zai hana shi fita masallaci. Saboda haka ya aurar da ita. "To Hajiya," in ji shi, "abin da za ki kashe ma yarinya guda a Yamai, yara nawa zai ciyar a nan, kusa da uwayensu?"

Ni dai a ganina dattijon nan ya fi mu gaskiya da rabi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 bisa 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke karatu, amma doka ba ta dafa tuwo. Mohamed Bazoum ya fahimci inda ƙayar take, ya yi alkawalin gidajen kwana 100 na ƴan mata, aka fara da irin na Kelle a jahar Damagaram, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A jahar Tilaberi kuma akwai ƙarin nauyi: tun 2017 sassa da dama suka shiga dokar ta-ɓaci, ɗaruruwan makarantu suka rufe, iyalai suka kwararo garuruwan da ke bakin kwalta.

Rabin da ya rage na Hajiya ne. Ƙasar Kurfai ba ta buƙatar masu iya sa hannu kaɗai. Tana buƙatar likita mace, alƙaliya, malamar lissafi, kuma irin waɗannan ba su fitowa sai wata ta bi makaranta mai ƙarfi har BAC. Ita kanta shaida ce: da wani kawunta bai sayar da saniya ba, da yanzu tana cikin masu tallan fura a nan. Tsofaffin ɗalibai kuma, mu faɗi gaskiya, zuciyarsu ta fi saurin buɗewa in an ambaci makarantar da ta rene su. Ka ce musu kwalejin wani ƙauye, sai hannu ya yi nauyi.

Hajiya ta yi shiru ɗan lokaci. Sannan ta buɗe littafin, ta ja layi a tsakiyar shafi: hagu na Yamai, dama na masauki a Baleyara, wajen wata tsohuwa amintacciya da za a nema, a riƙa ba ta hatsi da kuɗin cefane. Ta ce sai ta shawarci ƙawayenta, kuma ta san wasu ba za su so ba. Dillalin ya ce a rubuta masa buhun gero ɗaya bayan kaka, a hannun dama.

La'asar ta yi, direba ya fara kira, domin a wannan hanya ba mai son magariba ta same shi. An ɗaure raguna uku bisa motar. Hajiya ta ƙirga abin da ta samu, ta sake ƙirgawa, ta ƙulle shi a bakin zane.