Karen Amurka da Karen Beljiyam: Kowa da Yadda Yake Zancen Zuci

Tun da na zo Brussels nake cin karo da Tintin a jikin bango, shi da ɗan farin karensa Milou. Na taso da karanta zanen barkwancin jaridun Amurka, shi ya sa abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda mutanen nan suke zana abin da ke cikin rai.

A Amurka doka ɗaya ce. Magana tana cikin da'ira mai ɗan tsini da ke nuna bakin mai ita, tunani kuwa yana cikin gajimare, da 'yan ƙwallaye suna gangarowa zuwa ka. Charles Schulz ya fara Peanuts a 1950, kuma da wannan gajimare karensa Snoopy ya yi suna: yana kwance bisa rufin ɗakinsa, baki a rufe, kai kaɗai kake jin abin da yake saƙawa. Garfield, kyanwar Jim Davis ta 1978, haka take yi wa ubangidanta Jon ba'a, shi ko oho.

Hergé, wanda ya fito da Tintin a jarida a 1929, bai cika bin wannan hanya ba. Milou yakan yi gunaguninsa cikin da'irar magana kamar kowa, Tintin ya wuce abinsa. In kuma rai ya rabu biyu, sai Hergé ya zana rabuwar. A labarin Tibet, giya na ɗiga daga jakar abokin Tintin, Kyaftin Haddock, Milou ya tsaya a kanta, sai ga wasu karnuka biyu masu kamarsa, ɗaya da fukafukai, ɗaya da ƙaho, kowanne na ja. Mai ƙahon ne ya yi nasara, kare ya sha ya yi tatul. Shi ma Haddock, ranar da ƙishi ya kama shi a hamada, Tintin ya gani ya rikiɗe ya zama kwalba, ya shaƙo wuyansa zai cire murfi.

Nan na tuna da bakinmu. Bahaushe yakan ce wata zuciyar ta ce je ka, wata ta ce kul. Wato mu ma zuciya biyu muke ji suna gardama, ba gajimare ba. Snoopy ya fi iya zance, ban musa ba, amma Milou ya fi kusa da yadda kakata take ba da labari.