Kango ma da mai shi

Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton abin da mutane suka bari a bakin hanya. In an ba mu hutu, nakan shiga mota daga Konni in sauka Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi. Wata rana in miƙa Malbaza da Galmi, wata rana in yi arewa har Badagishiri, cikin ƙasar Illela. Wayata ce kawai kayan aikina.

A cikinta akwai gawar babbar mota da 'yan gwangwan suka kwashe sai ƙashi. Akwai rumbun da damina ta kayar, da rudun albasa da gara ta cinye. Akwai teburan masu sayar da mai a kwalba da suka zauna wayam lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya a 2019, aka kuma rufe ta a 2023. A Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960, amma in ka ɗan wuce masana'antar, gidajen laka ne ke zubewa.

Abokaina na cewa hotunan sun yi kyau, kuma kyan nan ne ke damuna. Ba a tambayar waye ya ci bashi ya sayi motar, ko ina mai rumbun ya nufa. Ana cewa gani ya kori ji. A wannan aiki, wallahi, gani shi kaɗai bai isa ba. A 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Vule da Shanuwan sun ƙone Birnin Konni, mu kuwa daga bakin tsofaffi muka fara jin labarin.

Shi ya sa nake yin sallama kafin in ɗaga waya. Kusa da Badagishiri wata tsohuwa ta iske ni gaban wani kango.

"Yaro, mi kaka ɗauka nan?"

"Inna, gidan nan da aka bari."

"Wa ya ce ma an bar shi? Gidan ɗana na. Shina Abija, shekara shidda."

Ta yi shiru, sannan ta ce in ɗauka, amma in tura mishi. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo takarda mai lambarsa. Na ɗauki bangon da ya tsage da azarar da ta karye, na tura ta WhatsApp. Har yau bai amsa ba, ko da yake alama ta nuna ya gani.

Wannan hoton ban sa shi cikin littafin nan ba, don ba nawa ba ne. Sauran kuwa, kowanne na rubuta sunan garin a ƙasansa, da abin da mutanen wurin suka gaya mini. Wanda ban samu mai ba ni labarinsa ba, yana nan cikin waya sai na koma.