Shekarar da Masu Gida Suka Fitar da Al Ahly

Gasar ƙwallon ƙafa iri biyu ce. Akwai ta tara maki, wadda ake shafe watanni ana yi, kowace ƙungiya ta kara da kowace, wanda ya faɗi yau yana da gobe. Akwai kuma ta sili-ɗaya-ƙwale, wadda ba ta san uzuri ba: wasa ɗaya a gidanka, ɗaya a gidan abokin karawarka, a haɗa ƙwallaye, wanda ya gaza ya tattara komatsansa. A irin wannan gasa ce ƙaramar ƙungiya kan kayar da babba, shi ya sa labarinta kan daɗe a bakin jama'a. Wanda ya daɗe a bakina ni shi ne na gasar cin kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka ta 2009, shekarar da Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

An kafa Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Sai da ta shekara goma sha takwas kafin ta ci kofin gasar Najeriya, a 2008, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan nasara ce ta ba ta damar shiga gasar zakarun Afirka ta shekara mai bi mata. A tsarin lokacin, sai ƙungiya ta tsallake zagayen sili-ɗaya-ƙwale na farko-farko kafin ta shiga cikin takwas da ake rabawa rukuni biyu, daga nan kuma a koma sili-ɗaya-ƙwale har zuwa ƙarshe. A zagayen da ke bakin ƙofar rukuni ne Pillars ta haɗu da Al Ahly ta birnin Alƙahira.

Wajibi ne mai karatu ya san ko wace ce Al Ahly, in ba haka ba ba zai gane nauyin al'amarin ba. An kafa ta tun 1907. A 2000 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta naɗa ta gwarzuwar ƙungiyoyin nahiyar ta ƙarni na ashirin. A lokacin da ta haɗu da Pillars ta riga ta ci wannan kofi sau shida, kuma ita ce ke riƙe da shi, domin ita ta ci na 2008. 'Yan wasanta irin su Muhammad Abu Trika da Wa'il Juma'a su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008. Mai horar da ita, Manuel José ɗan ƙasar Fotugal, shi kaɗai ya ci kofin sau huɗu. Da aka yi wasan farko a Najeriya aka tashi 1-1, masu lissafi sun ce magana ta ƙare.

A wancan lokaci ina zaune a Nassarawa GRA. Wanda ya san unguwar ya san ba wurin hayaniya ba ce: tituna masu faɗi, manyan itatuwa, katangu masu tsawo, maƙwabci kan yi mako bai ga maƙwabcinsa ba. Ƙwallo ma kashi biyu ta rabu a cikinta. A cikin gidaje, masu tauraron ɗan Adam suna kallon gasar Turai, yara kuma sun haddace sunayen 'yan wasan Arsenal da Chelsea da Manchester United. A bakin ƙofa kuwa, masu gadi da direbobi da 'yan acaɓa da ke hutawa a teburin mai shayi, su ne masu rediyo a kunne, su ne kuma ke zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Idan ka ji an ce "Sai masu gida!" a unguwarmu, to daga bakin ƙofa maganar ta fito. Abin mamakin shi ne, ainihin masu gidajen ba su cika faɗin ta ba.

Cikin watan Mayu na 2009 aka yi wasa na biyu a Alƙahira, aka tashi 2-2. Jimillar ƙwallaye ta zama 3-3, amma Pillars ce ta wuce. Dalili kuwa shi ne ƙa'idar ƙwallon waje: idan jimilla ta zo daidai, sai a duba wadda ta fi zura ƙwallaye a gidan abokiyar karawarta. Pillars ta zura biyu a Masar, Al Ahly ta zura ɗaya a Najeriya. An ƙirƙiro ƙa'idar ne don a hana baƙuwar ƙungiya zuwa ta tare bakin raga kawai, kuma hukumar ƙwallon Turai ta yi aiki da ita fiye da shekara hamsin kafin ta soke ta a 2021.

Ranar nan na ga abin da ban saba gani ba a layinmu. Ƙofofin da ba a buɗe su sai mota za ta fita suka buɗe. Wani dattijon maƙwabcinmu, wanda ban taɓa jin ya ambaci ƙwallon gida ba, ya fito da jallabiya ya tsaya a gaban mai gadinsa yana tambaya, "Malam, wai da gaske ne mun fitar da su, alhali canjaras aka yi?" Mai gadin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙwallon da ka ci a gidan mutum ta fi wadda ya ci a gidanka daraja." Kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce "mun". Tsawon watannin da suka biyo baya, mai gida da mai gadi suna da magana guda da dukkansu ke da haƙƙi a cikinta, kuma wanda ya fi sani a cikinsu shi ne na bakin ƙofa.

A zagayen rukuni, Pillars, wadda Ivo Šajh ɗan ƙasar Sulobeniya ke horarwa a lokacin, ta faɗa tare da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da kuma ZESCO United ta Zambiya, ta kuwa ƙare a saman rukunin. Daga nan buri ya tashi daga "mu dai a gan mu" ya koma "kofin nan namu ne". Ai Enyimba ta Aba ta ci shi a 2003 da 2004, me zai hana Kano? Da aka ga cewa wadda za a kara da ita a wasan kusa da na ƙarshe ita ce Heartland ta Owerri, 'yar gida da ake haɗuwa da ita kowace shekara, sai mutane da yawa suka fara lissafin wasan ƙarshe tun ba a je ba. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin watan Oktoba Heartland ta ci Pillars 4-0 a Owerri, ta sake cin ta 1-0 a wasa na biyu. Jimilla 5-0.

Heartland ma ba ta sha da daɗi ba. A wasan ƙarshe ta ci TP Mazembe ta Kwango 2-1 a Owerri, Mazembe ta rama 1-0 a Lubumbashi. Jimilla 2-2, sai ƙa'idar ƙwallon waje ta ba Mazembe kofi. Ƙa'idar da ta sa Najeriya murna a watan Mayu ita ce ta raba ta da kofin a watan Nuwamba.

Abin da ya biyo baya ya fi wasannin kansu ba da darasi. Mazembe ta sake cin kofin a 2010, a shekarar kuma ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin duniya, sannan ta buɗe filin wasa mallakarta a 2012. Pillars kuwa ta ci kofin Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, amma ba ta sake taka zagayen rukuni na gasar zakarun Afirka ba. Ahmed Musa, wanda ya zura mata ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, ya tafi ƙasar Holan a 2010. A 2022 ma sai da ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasar Najeriya, kafin ta dawo a 2023. Rana guda ta bajinta kowa na iya samun ta a sili-ɗaya-ƙwale. Maimaita ta kuwa sai da shiri mai ɗorewa.

Abin da ke damuna a yau shi ne yadda labarin yake lalacewa. Idan an zauna hira, Alƙahira kaɗai ake tunawa, Owerri kuwa an binne ta. Wasu ma sun mayar da canjaras ɗin ya zama nasara, har da ƙarin ƙwallayen da ba a ci ba. Samarin da suka taso daga baya kuwa, da yawansu za su gaya maka cewa Barcelona ta ci Manchester United 2-0 a birnin Rum a 2009, su ambaci Eto'o da Messi, amma ba su san abin da ƙungiyar garinsu ta yi a wannan watan na Mayu ba. Ba laifinsu ba ne. Na Turai an rubuta shi, an adana hotunansa, ana maimaita shi kullum. Namu a baki ya zauna, baki kuwa yana ƙari, yana ragi, kuma yana mutuwa tare da mai shi.

A nan ne nake ganin malamin Hausa yake da aiki. Ba dole sai tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ne kaɗai ya cancanci alƙalami ba. Malamin da ya tura ɗalibansa su nemo wanda ya shaidi wannan shekara, mai shayi ne ko direba, su ji ta bakinsa, su gwada da abin da jaridu suka rubuta, sannan su tsara shi da Hausa mai kyau, ya koya musu rubutun zube da tantance labari a lokaci guda. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta shi cikakke, da 2-2 ta Alƙahira da 4-0 ta Owerri a shafi ɗaya, domin yaron da aka ba shi rabin labari zai taso yana zaton cewa da an kayar da babba an gama tafiya.