Shaidar Firinta: Abin da Na Koya a Wani Shago Tsakanin Karaye da Rogo

Aikin da ya kai ni ƙasar Karaye ba shi da alaƙa da na'ura. Na je ne tattara kalmomin noman rake da sarrafa mazarƙwaila, ina kwana a Karaye ina yini a ƙauyukan Rogo. Duk hirar da na juya zuwa rubutu nakan kai ta wani shagon buga takardu, domin in koma da ita wurin dattawan da na yi hira da su, a karanta musu su gyara. A nan na tarar da wata rigima da ta kusa raba wani yaro da hanyar abincinsa.

Mai shagon, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, yana da babbar firinta ta hannu wadda aka haɗa da kwamfutoci biyu. Damuwarsa ita ce takarda da tawada suna ƙarewa, kuɗin da ke cikin akwati kuwa ba su kai ba. Zarginsa ya faɗa kan yaron shagon. Wata yamma ya ce mini, "Malam, ku da kuka yi karatu mai zurfi, babu yadda za a yi wannan na'ura ta faɗi abin da ta buga?" Na ce zan tambaya.

Wani abokina masanin kwamfuta ya bayyana mini ta waya cewa akwai wata ƙa'ida da ake kira SNMP, wadda aka fara wallafawa a 1988, da ake amfani da ita a yi wa na'urorin da ke kan hanyar sadarwa tambaya su amsa. Na sauke manhajar Net-SNMP, na sa lambar firintar, na aika tambaya. Amsa ta zo, amma ban fahimci komai ba: jerin lambobi ne masu ɗigo a tsakani, irin su 1.3.6.1.2.1.43, kowane da wani adadi a gabansa. Na'urar ta yi magana, ni ne ba na jin yarenta.

Abin da ya rage shi ne fayilolin da ake kira MIB. Bayan na kwana biyu ina dubansu sai na gane cewa ƙamus ne, kuma tsarinsu bai yi nisa da abin da na saba gani a aikin Bargery na 1934 ba: kowace lamba tana da suna, da nau'in abin da take ɗauke da shi, da bayanin ma'anarta. Su kansu lambobin salsala ce, kowace tana nuna wadda ta haife ta, tun daga hukumar daidaita ma'auni ta duniya har zuwa reshen da aka keɓe wa firinta. Ƙamus na farko shi ne wanda ya fito a 1995 mai lamba RFC 1759, aka sabunta shi a 2004 da RFC 3805. Shi ne ya nuna mini inda firinta ke ajiye jimillar shafukan da ta buga tun ƙera ta, da yawan tawadar da ta saura. Na biyu kuwa, RFC 2707 na 1999, ya shafi ayyukan da ake turo mata ɗaya bayan ɗaya: wanda ya turo, shafuka nawa suka fita, da halin da aikin ya ƙare a kai, ko ya kammala, ko an soke shi, ko ya katse. Da yake firinta ba ta daɗewa tana riƙe da labarin aikin da ta gama, sai abokina ya rubuta mini 'yar manhaja mai yi mata tambaya a kai a kai tana adana amsa.

Kwana biyar muka bar ta tana aiki. Lissafin ya tabbatar da cewa shafukan da suka fita sun fi waɗanda aka biya. Amma da na bi ayyukan dalla-dalla, sai na ga abu biyu. Na farko, wasu ayyuka sun katse a tsakiya lokacin ɗaukewar wuta, aka sake turo su daga farko bayan an tayar da janareto. Na biyu ya fi ba ni kunya: fayilolin da aka fi maimaita bugawa nawa ne. Na rubuta su da tsohon salon haruffan da muka gada a sassanmu, wanda ake buga q da x da v su fito a matsayin ƙ da ɗ da ɓ. Ɗaya daga cikin kwamfutocin shagon ba ta da wannan salo, don haka "ƙasa" ta fito "qasa", "ɗaya" ta fito "xaya". Yaron yakan ga haka, ya koma ɗaya kwamfutar ya sake bugawa, bai taɓa neman in biya sau biyu ba. Da na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kai baƙonmu ne." Na biya kuɗin shafukan, mai shagon kuma ya nemi afuwarsa a gabana.

Abubuwa biyu suka biyo ni gida. Na ɗaya, wannan asara ba ta da dalili a yau, domin tsarin Unicode ya daɗe da ba ƙ da ɗ da ɓ gurbinsu na kansu, wanda kowace kwamfuta ta zamani ke ganewa. Muddin muka ci gaba da ajiye kundayenmu a tsohon salo, mai neman kalmar "ƙasa" a cikinsu ba zai same ta ba, kuma ranar da salon ya ɓace sai an bi rubutun da gyara. Na mayar da dukkan fayilolina zuwa Unicode kafin in bar Karaye.

Na biyu ya shafi amana. A cikin jerin da manhajar ta tara na ga sunayen fayilolin mutane: takardar rabon gado, takardar neman aiki, wasiƙar koke. Ba su san ana rubutawa ba, kuma tsohon zubin SNMP ba ya ɓoye abin da yake aikawa, kalmar shigarsa ma a na'urori da yawa sananniya ce. Mun goge jerin a ranar, muka bar lissafin jimillar shafuka kawai, wanda mai shagon yake dubawa safe da yamma.

Har yanzu ina neman sunan da ya dace da MIB a Hausa. A littafina na rubuta "ƙamusun na'ura", mai shagon kuma ya fi son "kundin ma'anoni". Na bar wa masana fassara da ƙirƙirar kalmomi su zaɓa.