Tarin da Ya Ƙi Jin Magani

Mai karatu, idan a gidanku akwai wanda tari ke hana wa barci, ka saurari labarin yayata da ke aure a wani ƙauye kusa da Ɗambatta.

Shekara uku, da zarar an fara sussukar gero, sai ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar usur. Mun gaji da sayen maganin tari a kemis. Dangi suka fara raɗe-raɗin tarin fuka ne, har aka ware mata kwano.

A asibiti aka gwada kakinta, babu tarin fuka. Gwajin jini kuwa ya nuna wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, sun yi yawa, abin da kan nuna kumburin hanyoyin numfashi. Likita ya ce tsutsar ciki da tsargiya ma kan ƙara yawansu, don haka sai da aka duba waɗannan, sannan ta je Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ta hura na'urar gwajin huhu. Ashe asma ce, kuma ba a ɗaukarta.

Yanzu tana shaƙar maganinta safe da yamma, an daina ware mata kwano. Don Allah kafin ku ƙyamaci naku, ku kai shi a gwada.